Franklin Roosevelt: Shugaban Amurka da jiragensa suka sauka Kano, hukuncinsa ya kai iyakar Maraɗi

A tsakiyar watan Satumban 2024 Amurka ta kammala kwashe sojojinta daga Jamhuriyar Nijar, bayan ta miƙa sansanin jiragen sama na Agadez wanda ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina shi. Jama'a da dama sun ɗauka cewa yaƙi da ta'addanci ne ya fara kawo jiragen sojan Amurka wannan yanki. Alhali tun shekara 80 da ɗoriya da suka wuce, jiragen Amurka na sauka su sha mai a Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Masar. Mutumin da ya ba da umarnin hakan shi ne Franklin Delano Roosevelt, shugaban Amurka na 32.

Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma wani hukunci da ya yanke a 1942 ya sauya ɓangaren da Nijar take a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tasirinsa ya iso har ƙauyukan Gangara da Gazawa da Agiye, inda iyaka da ƙasar Katsina take kusa. Ya shahara da sukar mulkin mallaka a gaban Turawan da ke yin sa. Ya kuma yi aiki da gwamnoninsu kafaɗa da kafaɗa duk lokacin da bukatar yaƙi ta taso.

Ɗan gata a zamanin mamaya

An haife shi ranar 30 ga Janairun 1882 a Hyde Park, cikin jihar New York, a gidan da ba a san rashi ba. Mahaifinsa James Roosevelt mai filaye ne da hannun jari a kamfanonin jirgin ƙasa da na kwal. Kakansa na wajen uwa, Warren Delano, ya tara dukiya a cinikin ƙasar Sin, har da safarar ƙwayar ofiyam. Franklin ya tashi da son teku da jiragen ruwa, kuma tun yana saurayi ya karanta littattafan Alfred Mahan, hafsan da ya koya wa Amurkawa cewa wanda ya riƙe teku da tashoshinta shi ke riƙe da duniya. Wannan darasi bai bar shi ba har ya mutu.

Yana ɗan shekara 16 a makarantar kwana ta Groton Amurka ta yaƙi Sifaniya a 1898. Cikin 'yan watanni ta karɓe Puerto Rico da Guam da tsibiran Filifin, ta girke sojoji a Kyuba, ta kuma haɗiye Hawaii. Mutanen Filifin da suka zaci 'yanci ya zo sai suka ga sabon ubangida. Yaƙin da ya ɓarke a Fabrairun 1899 ya ci ran fararen hula aƙalla dubu 200, akasari saboda yunwa da cuta. A wannan shekarar ce rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, ta auka wa Birnin Ƙonni, kafin sojojinta su juya wa jagororin biyu baya su kashe su a watan Yuli kusa da Maijirgi, a ƙasar Tasawa. Zamani ɗaya ne, kuma Amurka ta shige shi da ƙafar dama kamar sauran.

Gwarzon wancan zamani a Amurka ɗan danginsu ne, Theodore Roosevelt, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1901 ya kuma yanko Panama daga Kolombiya don haƙa mashigin ruwa. Franklin ya ɗauke shi abin koyi. Bayan ya gama jami'ar Harvard, ya auri Eleanor, 'yar ɗan'uwan Theodore, ranar 17 ga Maris 1905, kuma shugaban ƙasar da kansa ne ya tsaya a matsayin waliyyin amarya. Sai dai a siyasa Franklin ya bi jam'iyyar mahaifinsa ta Democrat. Ya ci kujerar majalisar dattawan jihar New York a 1910, sannan a 1913 Shugaba Woodrow Wilson ya naɗa shi ƙaramin ministan sojin ruwa.

Shekara bakwai ya yi a wannan kujera, kuma a cikinsu sojojin ma'aikatarsa suka mamaye tashar Veracruz ta Meziko a 1914, Haiti a 1915, Jamhuriyar Dominika a 1916. Labarin Haiti ya fi dacewa a tsaya a kansa. Ƙasa ce ta baƙar fata da bayi suka ƙwato daga hannun Faransa a 1804, suka kuma rubuta a tsarin mulkinsu cewa baƙo ba zai mallaki ƙasa ba. Amurkawa sun karɓe kwastan da baitulmali, sun farfaɗo da tsohuwar dokar aikin tilas don gina hanyoyi, irin wanda kakanninmu suka sani a hannun Faransawa. A 1918 aka kawo sabon tsarin mulki da ya buɗe wa baƙi ƙofar sayen filaye. Manoma sun yi tawaye, an kashe dubbai, an kuma harbe jagoransu Charlemagne Péralte a 1919. Roosevelt ya ziyarci Haiti a farkon 1917 ya dawo yana yabon aikin sojojin. A yaƙin neman zaɓen 1920 har ya yi alfaharin cewa shi ya rubuta wa ƙasar tsarin mulki. Masana tarihi na ganin cika baki ne kawai, amma abin da mutum ya zaɓa ya yi alfahari da shi ma shaida ne a kansa.

Shan inna da fadar White House

A zaɓen na 1920 ya tsaya mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa James Cox, suka sha kaye. A watan Agustan 1921, yana hutu a tsibirin Campobello, zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka shanye. Likitoci suka ce shan inna ce. Yana da shekara 39, kuma bai sake tafiya da ƙafafunsa ba sai da ƙarafa da sanda da hannun wani. 'Yan jaridar lokacin sun rufa masa asiri, da wuya a ga hotonsa a keken guragu. Gidauniyar da ya kafa a 1938 ce ta ɗauki nauyin binciken da ya haifar da rigakafin cutar, har da ɗigon da ake bi gida-gida ana ba yara a Maraɗi da Katsina.

Ya dawo siyasa ya ci gwamnan New York a 1928. A wannan shekarar ya rubuta maƙala yana sukar yadda Amurka ke aika sojoji ƙasashen maƙwabta ita kaɗai, wato ya juya wa abin da ya yi da hannunsa baya. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta share masa hanyar shugabanci. Lokacin da aka rantsar da shi ranar 4 ga Maris 1933, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. Shirinsa na New Deal, na ayyukan gwamnati da fansho da sa ido kan bankuna, shi ya sa talakawan Amurka suka riƙe shi. Sun zaɓe shi sau huɗu, a 1932 da 1936 da 1940 da 1944. Wannan tazarce ne ya sa daga baya aka gyara tsarin mulki a 1951, aka taƙaita wa'adi zuwa biyu.

A harkokin waje ya fara da abin da ya kira manufar kyakkyawar maƙwabtaka. Ya janye sojoji daga Haiti a Agustan 1934. Ya soke dokar da ta ba Amurka damar tsoma baki a Kyuba, amma ya riƙe sansanin Guantanamo. Ya sa hannu kan dokar da ta tsara ba Filifin 'yanci bayan shekara goma na riƙon ƙwarya. Da Meziko ta ƙwace kamfanonin mai na ƙasashen waje a 1938, bai tura soja ba. Sai dai inda sojojin Amurka suka fita, galibi sun bar dakarun da suka horas, kuma daga cikinsu ne 'yan kama-karya irin su Trujillo na Dominika da Somoza na Nikaraguwa suka fito. Roosevelt ya tarbi Somoza da gagarumin biki a Washington a 1939.

Da Italiya ta auka wa Habasha a Oktoban 1935, dokar 'yan ba-ruwanmu ta Amurka ta hana sayar wa ɓangarorin biyu makamai. Italiya na ƙera nata, Habasha ba ta da masana'anta. Man fetur kuwa, wanda jiragen Mussolini suka dogara da shi, bai shiga cikin haramcin ba. Roosevelt ya roƙi kamfanoni su rage cinikin don kunya, suka ƙara. Abin da za a ce a madadinsa shi ne Amurka ba ta taɓa amincewa da mamayar a hukumance ba.

Iyakar da ta zama bakin daga

Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yunin 1940. Gwamnatin Marshal Pétain da ke zaune a garin Vichy ta yi sulhu da Hitila, shi kuwa Janar de Gaulle ya tsere Landan ya ci gaba da yaƙi. Ƙasashen da Faransa ke mulka suka rabu. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle a ƙarshen Agusta. Babban gwamnan Afirka ta Yamma da ke Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya wa Vichy, har ya fatattaki jiragen ruwan Ingila da na de Gaulle da suka kai wa Dakar hari a watan Satumba. Nijar na ƙarƙashin Dakar, don haka ta zama ƙasar Vichy.

Ma'anar wannan a ƙasa ita ce layin da ya raba Maraɗi da Katsina, wanda dangi ɗaya ke zaune a hagu da damansa, ya koma iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba. Kafin yaƙi gyaɗar ƙasar Maraɗi da Tasawa da Damagaram ta Kano take bi, inda jirgin ƙasa ke kai ta teku. Da aka rufe iyaka a hukumance cinikin ya durƙushe, tufafi da sukari da kananzir suka yi wuya, fasa-ƙwauri ya bunƙasa. Haraji da aikin tilas da karɓar hatsi da dabbobi da ƙarfi ba su tsaya ba, kuma mai neman tsira ya san hanyar kudu da dare.

Roosevelt bai yanke hulɗa da Vichy ba. Ya aika amininsa Admiral William Leahy jakada wurin Pétain a farkon 1941. Abin da ke hana shi barci a Afirka ta Yamma shi ne Dakar, domin tsakaninta da gaɓar Brazil kimanin kilomita 3,000 ne kacal, kuma idan Jamus ta same ta, nahiyar Amurka ta shiga haɗari. Ya ambaci garin da suna a jawabinsa na rediyo a watan Mayun 1941. Ɗalibin Mahan ne har yanzu: taswirar Afirka a idonsa tashoshi ne da filayen sauka.

Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, amma ya riga ya zaɓi ɓangare. A Satumban 1940 ya ba Ingila tsofaffin jiragen ruwan yaƙi 50, ya karɓi hayar sansanoni na shekara 99 a yankunanta na yammacin Atlantika. A Maris 1941 ya samu dokar ba da aron kayan yaƙi, wadda ta kai kimanin dala biliyan 50 kafin a gama. Matsalar ita ce yadda kayan za su isa Masar, tun da Bahar Rum ya zama tarko. Ingilishi sun riga sun buɗe wata hanya: ana kawo jiragen sama a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Darfur zuwa Khartoum da Alƙahira. Ranar 18 ga Agustan 1941 Roosevelt ya sanar cewa kamfanin Pan American zai shiga aikin. Amurkawa suka faɗaɗa filaye, suka kafa tashoshin rediyo da na hasashen yanayi da rumbunan mai, kafin sojan saman ƙasarsu ya karɓi ragamar a ƙarshen 1942. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi hanyar Takoradi, kuma suna cikin abin da ya ba Ingila galaba a hamadar Masar. Matuƙan na kiyaye kada su karkata arewa, domin sararin Nijar na Vichy ne. Filin jirgin Kano, garin da jirgi ya fara sauka a cikinsa a 1925, ya fita daga yaƙin a matsayin babbar mahaɗa.

Takardar da aka karanta a Zariya da Legas

Kwana huɗu kafin waccan sanarwa, ranar 14 ga Agustan 1941, Roosevelt da Firaministan Ingila Winston Churchill suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika bayan sun gana a jirgin ruwa a gaɓar Newfoundland. Sashe na uku ya amince cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Wata guda bai cika ba Churchill ya shaida wa majalisarsa cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi. Roosevelt ya ci gaba da cewa duniya duka ake nufi.

'Yan Afirka masu ilimin boko sun riƙe fassarar Roosevelt. A 1943 tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma ta je Ingila, a cikinta akwai Nnamdi Azikiwe da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya. Azikiwe ya gabatar da takarda da ya jingina da yarjejeniyar, yana neman mulkin kai cikin shekara 15. Imam bai sa hannu ba, domin yana ganin halin da Arewa ke ciki daban ne. A Maroko ma, masu neman 'yanci sun kafa hujja da ita a takardarsu ta Janairun 1944.

A gida kuwa shugaban bai cika ma'aunin da ya kafa wa wasu ba. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941, ya sa hannu kan umarnin da aka tsare Amurkawa 'yan asalin Japan kusan dubu 120 a sansanoni, ba tare da tuhuma ba. Sojojin da ya tura yaƙar wariyar Hitila a ware suke, baƙi daban, farare daban. Ya ƙi fitowa ya goyi bayan dokar hana kisan gillar da ake yi wa baƙar fata a kudancin ƙasar, don kada ya rasa ƙuri'un sanatocin yankin.

Nuwamban 1942

Hafsoshinsa sun so a tara ƙarfi a auka wa Faransa kai-tsaye. Roosevelt ya bi shawarar Churchill, ya ba da umarnin sauka a Arewacin Afirka. Ranar 8 ga Nuwamban 1942 sojojin Amurka da Ingila suka dira a Kasabalanka da Oran da Aljiyas. Don a daina zubar da jini, Janar Eisenhower ya ƙulla yarjejeniya da Admiral Darlan, ɗaya daga cikin manyan jagororin Vichy, aka bar shi da mulki. Ranar 23 ga wata Boisson ya bi sahu daga Dakar, daga bisani ya ba ƙawancen damar amfani da tashar ruwa da filayen jirage. Ta haka Nijar ta sauya ɓangare ba tare da an harba harsashi a ƙasarta ba, kuma iyakar Maraɗi ta daina zama ta abokan gaba.

Abin da bai sauya ba shi ne masu mulki. Boisson ya zauna a kujerarsa, kuma Roosevelt ne babban mai kare shi. Bai yarda da de Gaulle ba, yana ganinsa mai girman kai da ba wanda ya zaɓa. A watan Yunin 1943 har ya sanar da Eisenhower cewa a shirye yake ya tura sojoji Dakar idan de Gaulle ya nemi karɓe ta. Duk da haka Boisson ya sauka a tsakiyar shekarar, kuma da aka kama shi a Disamba Roosevelt ya yi fushi. A Yamai, Gwamna Jean Toby da ya kama aiki a 1942 ya ci gaba har 1954. Ga manomi a Gangara, kumandan bai canja hali ba. Faransar de Gaulle ma ta ƙara matsa lamba kan amfanin gona da 'yan aiki da samarin soja, domin yanzu an shiga yaƙin gadan-gadan.

Abin da ya gani a Bathurst

A Janairun 1943 ya zama shugaban Amurka na farko da ya taka Afirka yana kan mulki. Jirgin Pan American mai sauka a ruwa ya kawo shi daga Miami ta Trinidad da Brazil zuwa Bathurst, wato Banjul ta yau, ranar 13 ga wata. Washegari aka ratsa da shi cikin gari a mota zuwa filin jirgi. Abin da ya gani a wannan gajeriyar tafiya, mutane cikin tsumma suna tafiya aiki kan ladan da bai kai ya kawo ba, ya tsaya masa a rai. Ya yi ta maimaita labarin har ƙarshen rayuwarsa. A 1944 ya shaida wa masu jaridun baƙar fata na Amurka cewa bai taɓa ganin wuri mai muni kamarsa ba, kuma a lissafinsa duk dala ɗaya da Ingila ta zuba a Gambiya ta kwashi goma.

A taron Kasabalanka, daga 14 zuwa 24 ga Janairu, ya shirya wa Sarkin Maroko Muhammad na Biyar liyafa ranar 22 ga wata. Ba a kawo giya teburin ba saboda girmama baƙon. A gaban Churchill da gwamnan Faransa, ya yi wa sarkin zancen horas da injiniyoyin ƙasarsa a Amurka da kuma riƙe arzikin ƙasa a hannun 'ya'yanta. Yarima Hassan mai shekara 13 na wurin. A hanyar komawa ya ya da zango a Laberiya ya ci abinci da Shugaba Edwin Barclay, ya kuma zagaya gonar roba ta kamfanin Firestone, mallakar Amurkawa, inda leburori ke aiki kan ɗan abin da bai fi na Bathurst ba. Wannan bai dame shi kamar wancan ba.

Maganin da yake hange shi ne riƙon amana: a karɓe wasu yankuna daga hannun Turawa, hukumar ƙasa da ƙasa ta kula da su na shekaru har su iya tsayawa. Ya fi nacewa a kan Indochina ta Faransa. Dakar kuwa so yake ta zama sansanin tsaro na duniya da Amurka za ta sa wa ido. Wannan matsin lamba na cikin dalilan da suka sa de Gaulle ya kira taron Brazzaville daga 30 ga Janairu zuwa 8 ga Fabrairun 1944. Gwamnoni ne suka zauna, ba wakilan jama'a ba. Sun yi alkawarin gyare-gyare, suka kuma rubuta ƙarara cewa batun mulkin kai babu shi.

Duk inda aƙidar ta ci karo da yaƙi, yaƙi ke rinjaye. Ya taɓo wa Churchill batun 'yancin Indiya a 1942, da ya ga ransa ya ɓaci sai ya ja baya. Da aka nemi jiragen ruwansa a 1944 don kai alkama Indiya bayan yunwar Bengal, ya ce sojoji na bukatarsu. Ofishin Eisenhower ya nemi rundunar Faransa da za ta shiga Paris ta kasance ta fararen fata, alhali 'yan Afirka ne suka cika sahun sojojin de Gaulle tun farko. Yuraniyom ɗin da shirinsa na bam ɗin nukiliya ya fi dogara da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito, ƙasar da Beljiyam ke mulka, kuma ba a ji ya soki Beljiyam ba. A taron Yalta na Fabrairun 1945 an taƙaita riƙon amanar ga yankunan tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashe, da waɗanda aka ƙwace daga abokan gaba, da waɗanda mai su ya miƙa don kansa. Hafsoshin Amurka ma na son riƙe tsibiran tekun Pasifik da suka ci da yaƙi.

Gine-ginen da ya bari sun fi maganganunsa daɗewa. Taron Bretton Woods na Yulin 1944, na ƙasashe 44, ya haifar da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, ya ɗora dala a tsakiyar kuɗin duniya. Ranar 26 ga Disamban 1945 da Faransa ta amince da wannan tsari, ranar ce ta ƙirƙiro kuɗin sefa. Majalisar Ɗinkin Duniya, da kujerun na-ƙi na manyan ƙasashe, ita ma tsarinsa ce.

Ganawa da Sarki Abdul'aziz

Daga Yalta ya wuce mashigin Suez, inda jirgin yaƙi mai suna Quincy ke jiransa. Ranar 13 ga Fabrairun 1945 ya karɓi Sarki Faruk na Masar da Sarki Haile Selassie na Habasha. Washegari Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya iso daga Jidda a wani jirgin yaƙin Amurka, da tantinsa a saman jirgin da tumakin da za a yanka wa tawagarsa. Kamfanin Amurka ya haƙo mai a Dammam tun 1938, kuma tun Fabrairun 1943 Roosevelt ya ayyana tsaron Saudiyya a matsayin abu mai muhimmanci ga tsaron ƙasarsa.

Dattawan biyu sun shaƙu. Sarkin na fama da ƙafa saboda tsofaffin raunukan yaƙi, sai Roosevelt ya ba shi ɗaya daga cikin kekunansa na guragu. Ya kuma yi masa kyautar jirgin sama ƙirar DC-3, wanda da shi aka fara kamfanin jiragen Saudiyya da ke jigilar alhazai a yau. A kan Falasɗinu ne suka rabu. Roosevelt ya nemi goyon bayan sarkin kan ƙaurar Yahudawan da suka tsira daga kisan Hitila, sarkin ya amsa cewa Jamus da ta yi laifin ita ya kamata ta ba su ƙasa. Shugaban ya yi alkawarin ba zai ɗauki matakin gaba da Larabawa ba, kuma ba za a yanke hukunci ba sai an tuntuɓi ɓangarorin biyu. Ya tabbatar da hakan a wasiƙa ranar 5 ga Afrilu. A daidai wannan tsakanin ya kuma sake tabbatar wa shugabannin Yahudawan Amurka cewa yana tare da burinsu. Magajinsa Harry Truman ya amince da ƙasar Isra'ila a ranar da aka ayyana ta, 14 ga Mayun 1948.

Hawan jini da ciwon zuciya sun riga sun cinye shi, likitocinsa sun sani tun 1944 amma ba a gaya wa masu zaɓe ba. Ranar 12 ga Afrilun 1945, yana zaune ana zana hotonsa a gidan hutunsa na Warm Springs a jihar Georgia, jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Ya mutu yana da shekara 63, aka binne shi a lambun gidansu na Hyde Park bayan kwana uku.

Taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ya buɗe a San Francisco ranar 25 ga Afrilu, kuma ƙasashe huɗu ne kawai daga Afirka suka samu kujera: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Cikin watan Mayu gwamnatin Truman ta tabbatar wa Faransa cewa ba ta ja da ikonta a Indochina. Aikin tilas a Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka ya ci gaba har 11 ga Afrilun 1946, ranar da aka zartar da dokar da ɗan majalisa Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya gabatar a Paris. Wata guda bayan haka aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai.